Zuwa Basam Ba da Son Rai Ba: Sharhi Kan Baƙo da Teku da Garuruwan Shaƙatawa

Daga cikin mas'alolin da ke yawan tasowa a majalisun Hausawan Ajame ta Abijan, musamman a wannan yanki na San Mishel inda fatake ke sauke kaya, inda kuma da wuya ka sami gidan da babu baƙo daga Maraɗi ko Tawa ko Kano ko Damagaram, akwai wata wadda mutane ke ɗauka ƙarama ce, su taɓa ta da baki su wuce, alhali kuwa wanda ya zauna ya warware ta zai tarar ta shiga fiƙihu, ta shiga tarihi, ta kuma shiga abin da ya fi waɗannan biyu wuyar sha'ani, watau halin zuciyar ɗan Adam. Ita ce mas'alar mutumin da aka ja zuwa garin shaƙatawa na bakin teku ba da son ransa ba.

Ga yadda takan zo. Baƙo ya taso daga ƙasar da ba ta san ruwa ba sai na rijiya da na gulbin damina, ya sayar da albasarsa, ya ɗaure huhunan goronsa, saura kwana biyu motarsa ta tashi, sai ya dubi mai masaukinsa ya ce, "Alhaji, kunya nake ji in koma gida a tambaye ni labarin teku in ce ban gan shi ba." Wani lokaci yaran gida ne, waɗanda aka haifa a nan, suke damun uwarsu tun tsakiyar azumi cewa bayan salla a kai su Basam, garin shaƙatawa na bakin teku kusa da Abijan, kamar yadda ake kai 'ya'yan maƙwabta. Wani lokacin kuma abokin ciniki ne wanda ba addininku ɗaya ba, ya yi maka alheri shekara da shekaru, yau ya ce ran Lahadi shi zai ciyar da kai kifi a bakin ruwa. Mai gida kuwa ya san abin da ake faɗa game da wurin: kwalaben giya a kan tebur, kiɗa mai toshe kunne, maza da mata cikin tufafin da ba su rufe al'aura ba, da ɗakunan kwana waɗanda ake haya da sa'a. Zuciyarsa ba ta son zuwa, bakinsa kuma ya kasa cewa a'a. Sai ya tafi fuska a murtuke, ya wuni yana istigfari a bayyane, ya komo da magariba ya ce wa majalisa, "Wallahi tilas aka yi mini."

Manyan attajiranmu masu zuwa sari birnin Bankok na ƙasar Tailan suna gamuwa da wannan jarrabawa a siffar da ta fi tsanani, domin idan ciniki ya faɗa aka loda kaya, dillali ko mai masana'anta yakan ce zai karrama baƙonsa da kwana guda a Fataya. Kuma ya kyautu mu fara da labarin wannan gari, saboda a cikinsa ne asalin cutar ya fi fitowa fili. Fataya tana gaɓar teku, kimanin kilomita 150 kudu maso gabas da Bankok, kafin 1960 kuwa ƙauyen masunta ce wadda ba a san sunanta a wajen lardinta ba. Yaƙi ne ya sauya ta. Da Amurka ta tsunduma cikin yaƙin Biyetnam, ta girke dubban sojoji a Tailan, jiragenta masu jefa bom suna tashi daga filin Utafawo da ke kusa da ƙauyen, sai aka riƙa sako samarin sojan nan bakin tekun su huta, samarin da ke nesa da iyayensu da matansu, aljihunsu cike da dalar Amurka, ba su kuma san ko wata mai zuwa zai same su da rai ba. Kafin yaƙin ya ƙare a 1975 mashaya da otal-otal sun cinye wuraren shanya taru, da sojoji suka tafi kuma masu yawon buɗe ido daga Turai da sauran ƙasashe suka gaji kujerunsu, har titin garin da ake hana motoci shiga da dare ya zama abin buga misali a duniya wajen fasadi. Dokar ƙasar ta haramta karuwanci tun 1960, aka sabunta haramcin a 1996, amma haramcin takarda bai tsayar da abin da kuɗi ke turowa ba. Matan da ke tsaye a ƙofofin mashayan nan kuwa, da yawansu 'ya'yan manoma ne daga Isan, yankin arewa maso gabas da talauci ya yi wa katutu, kuma abin da suka samu suna aika shi ne ga iyaye da 'ya'yan da suka baro a ƙauye.

Wanda ya lura da wannan tarihi zai ga cewa irin waɗannan garuruwa suna tsira ne duk inda abu biyu suka haɗu: baƙon da ya zo da kuɗi ya baro kunyarsa a gida, domin yana inda ba a san ubansa ba, da ɗan gari wanda talauci ya rufe masa sauran ƙofofin nema. Na farko shi ne mai kira, na biyu mai amsawa. Masuntan Fataya sun yi zamani mai tsawo a gefen wannan ruwa ba su gina mashaya ko ɗaya domin baƙi ba, sai da mai saye ya iso.

Adalci ya wajabta a faɗa cewa Basam ba Fataya ba ce, kuma wanda ya daidaita su ya zalunci gari mai asali. Basam tana da masu ita, watau ƙabilar Inzima da ke zaune a ƙauyensu tsakanin teku da tafki, da ƙabilar Abure ta ƙauyen Musu, kuma tun kafin a yi mafarkin Abijan jiragen Turawa ke tsayawa a gabanta, kusa da inda kogin Komowe ke gangarowa. A 1842 Faransawa suka ƙulla yarjejeniya da sarkin wurin, suka kafa ganuwa a shekarar da ta biyo, a 1893 kuma suka mai da garin hedkwatar farko ta mulkin mallakarsu a Kwaddibuwa, Binje yana gwamna. Mulkin bai daɗe a can ba, domin annobar shawara ta 1899 ta kashe mafi yawan Turawan da ke garin, waɗanda suka rage suka kwashe ofisoshinsu zuwa Binjabil a 1900, daga nan kuma zuwa Abijan a 1934. Ciniki ya ɗan riƙe garin saboda doguwar gadarsa ta ƙarfe wadda ta shiga cikin teku, inda ake loda katako da manja da koko. Amma da aka haƙa mashigin Biridi a 1950, manyan jirage suka sami hanyar shiga tafkin Ebiriye, tashar Abijan ta buɗe a 1951, sai arziki ya tattara nasa ya bar Basam. Garin da ya rasa mulki ya rasa ciniki, abin da ya saura masa na sayarwa shi ne yashi da iska da inuwar kwakwa, mutanen Abijan kuwa, waɗanda zafi da hayaniya da ƙuncin ɗaki suka takura kwana shida, suna da bukatar waɗannan ukun a rana ta bakwai. Ta haka rumfuna da otal-otal suka jeru a bakin ruwa, ta haka kuma abin da ke bin kuɗin shaƙatawa ko'ina a duniya ya biyo su, ko da yake bai cinye garin ba.

Zuwan mutanenmu bakin teku ranar hutu ma ba sabon abu ba ne. Fim ɗin da Bafaranshen nan Jan Rush ya fitar a 1958 kan 'yan ci-ranin Nijar masu dako a unguwar Tireshbil ta Abijan, wanda Umaru Ganda ya fito a cikinsa bayan ya komo daga aikin soja a Indocina, ya nuna samarin suna neman ruwa da raha a ƙarshen mako domin su manta da buhunan da suka sauke. Kakannin waɗansu masu yin tir a yau suna cikin irin waɗancan samari.

To, mene ne hukunci? Ni ba mufti ba ne, amma abin da ke cikin littattafan da muka tashi muna ji a zaurukan malamai ya isa ya haskaka hanya, domin fuƙaha'un Malikiyya, ko da yake ba su san otal ba, sun san tafiya kuma sun san zuciya. A babin sallar matafiyi sun rarrabe tsakanin wanda tafiyarsa ita kanta saɓo ce, kamar ɗan fashi ko wanda ya fita takanas domin neman alfasha, da wanda tafiyarsa halal ce sai ya yi saɓo a cikinta. Na farko ba shi da rangwamen kasaru, na biyu yana da shi, zunubinsa kuma yana wuyansa. Maganar kasaru ba ta taso wa mai zuwa Basam ba, tun da Risala ta Ibn Abi Zaid ta ƙayyade nisan da mil 48, garin kuwa bai wuce kimanin kilomita 40 daga Abijan ba, saboda haka azahar da la'asar ɗinsa raka'a hurhuɗu ne cif. Abin da ya shafe mu shi ne ma'aunin da suka kafa, cewa ana fara duban maƙasudin fita kafin a dubi abin da aka tarar a hanya. Game da walima kuma Risalar ta rataya amsa gayyata a kan sharaɗin kada a sami munkari bayyananne a wurin, wanda ke nuna cewa hakkin ɗan'uwa yana da nauyi, yana kuma da iyaka. Sa'an nan ga hadisin zaman bakin hanya, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi sahabbai game da wannan zama, da suka nuna ba su da makawa sai ya bar su a kan sharuɗɗa, waɗanda suka haɗa da runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umurni da alheri da hani daga sharri.

Idan aka ɗora Basam a kan waɗannan uku, a ganina, sai ta rabu biyu. Yashin bakin teku da titunan tsohon gari hukuncinsu hukuncin hanya ne, fili ne na kowa, mai kirki da wanda ba shi ba suna wucewa, kuma Musulmi yana iya tsayawa a cikinsa da sharuɗɗan da aka ambata, kamar yadda yake tsayawa kullum a Bulbar Nangi Aburogwa tsakanin babban masallaci da kasuwa, inda abin da ido ke gamuwa da shi ba koyaushe yake da tsarki ba. Teburin da ake zuba giya a kansa, da filin rawa, da ƙofar ɗakunan sa'a, waɗannan hukuncinsu hukuncin walimar da munkari ya bayyana a cikinta, babu hakkin baƙo ko na abokin ciniki da zai halatta zama a nan. Da wannan ma'auni ne kuma attajirin da aka gayyata Fataya zai auna nasa al'amari: idan abin da ake nufi da karramawar shi ne titin dare, kamar yadda yakan zama, to tafiyar ita kanta ce abar ƙi, kuma kalma guda mai ladabi tun a Bankok, cewa addinina bai ba ni wannan ba, ta fi masa sauƙi a kan neman mafita da tsakar dare a garin da bai san hanyarsa ba. Tailan tana da Musulmi masu yawa da masallatai, har a cikin Fataya kanta, saboda haka wannan uzuri ba baƙo ba ne a kunnen mutanen can.

Yanzu sai mu komo ga kalmar nan ta "tilas aka yi mini", wadda ita ce ta fi damuna a cikin mas'alar duka. Tilas a wurin malamai, wadda suke kira ikrahi, tana da ma'ana ƙayyadadda: barazana ga rai, ko gaɓa, ko ɗauri, ko duka mai tsanani. Jin nauyin baƙo bai kai nan ba. Wanda ya hau mota da ƙafarsa, ya biya kuɗin kujera daga aljihunsa, ya zaɓi zuwa ne, kuma ya fi masa alheri duniya da lahira ya amsa wa kansa hakan, domin mutumin da ya yarda shi ya zaɓa shi ne ke iya tsara tafiyarsa, ya ce da safe za mu je, nan za mu zauna, can ba za mu shiga ba, ƙarfe kaza za mu taso. Wanda ya ɗauki kansa a matsayin wanda aka ja kuwa ya sallama linzami ga mai jansa, duk inda aka ajiye shi nan zai wuni, yana ganin ɗaure fuskar da ya yi ta wanke shi. Alhali ɗaure fuskar ba ta rage komai daga abin da idonsa ya gani ba, sai dai ta ɓata kyautar da ya yi wa baƙonsa, domin baƙon da ya yi tafiyar kwanaki daga bakin hamada ya tsaya a gaban wata aya daga manyan ayoyin Ubangiji ya cancanci mai masauki da zai tsaya tare da shi da sakin fuska, ya bar shi ya cika idonsa, ya yi tasbihi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, wanda na sha ji a majalisa kuma nake roƙon 'yan'uwa su daina. Mutum ya komo yana la'antar wurin, amma cikin la'antar sai ya siffanta duk abin da ya gani dalla-dalla, launi da tsawo da gajarta, samari suna zaune a gefe sun kasa kunne. Wannan siffantawa shaida ce a kansa cewa idon bai runtsu ba, kuma talla ce ga wurin da yake cewa yana ƙi, domin yaron da ya ji ba zai riƙe la'anar ba, siffar zai riƙe.

Bayan wannan sai cutar ujubu, wadda Imamu Gazali ya lissafa tare da girman kai a cikin halaye masu halakarwa a littafinsa na Ihya'u. Baƙon da ya je irin wannan gari yana jin kansa tsarkakakke yakan dubi duk wanda ke wurin da ido ɗaya, ya haɗa mai laifi da mai neman halal ya yi musu kuɗin goro. Da zai sassauta ya duba da kyau, da ya ga cewa mafi yawan mutanen da ke kan yashin nan aiki suke yi. Ga masunta suna jan taru tun asuba, ga mace tana soya aloko da kifi domin kuɗin makarantar 'ya'yanta, ga masu sassaƙa da masu saƙa a rumfunansu na bakin hanya, ga Buzu da jakunkunan fata da zobban azurfa, ga ɗan'uwanmu mai tsire, ga mai garba da aceke, sana'ar da mutanen Nijar suka yi suna da ita a Abijan. Waɗannan daga aljihun masu shaƙatawa suke ci, daga cikin abin da suka samu kuma ake aika kuɗin hatsi gida idan rani ya yi tsawo. Hatta matan da suka faɗa mummunar sana'a, wanda ya san yadda ake yaudaro 'yan mata daga ƙasashenmu da alkawarin aikin shago ko na gyaran gashi, a ƙwace takardunsu, a ɗora musu bashin da ba ya biyuwa, ba zai yi saurin tofa musu yawu ba. Zai ƙi aikin, ya ji tausayin mai aikin, ya kuma tambayi kansa su wane ne masu biya. Gaskiya mai ɗaci ita ce, cikin masu biyan akwai waɗanda ake gani a sahu ran Juma'a, kuma muddin muna zagin mai amsawa muna rufa wa mai kira asiri, ba mu taɓa tushen abin ba.

Haka nan wanda yake zaton ƙin zuwa Basam ya raba shi da fasadi bai lura da garin da yake zaune ba. Unguwar Zon Kat ta Markori tana nan da mashayanta, kuma da hukuma ta rushe shahararren titin nan na Yufugon da ake kira Ru Furansas a watan Agusta na 2011, gine-ginen ne suka faɗi, masu saye da masu sayarwa suka watsu cikin waɗansu lunguna.

Ba zai yiwu a yi wannan magana a tsallake ranar Lahadi 13 ga Maris 2016 ba, ranar da 'yan bindiga suka ɓullo a kan yashin Basam suka buɗe wuta a kan masu wanka da masu cin abinci a gaban otal-otal, suka kashe mutum 19, 'yan ƙasa da baƙi, har da sojoji uku, ƙungiyar Alƙa'ida ta yankin Magrib ta ce ita ta aiko su. A ƙarshen 2022 kotu a Abijan ta yanke wa waɗanda aka samu da hannu ɗaurin rai da rai. Wannan aiki ta'addanci ne da zubar da jinin da Allah ya haramta, babu wani littafi na mazhaba da ya ba wani mutum ikon ya ɗauki makami ya hukunta jama'a a kan tufafinsu ko abin shansu, kuma malamai sun sharɗanta wa mai hani daga munkari kada haninsa ya haifar da munkarin da ya fi shi girma. Wane munkari ne kuwa ya fi kisan rai? Musulmin Ajame da Tireshbil sun ɗanɗana kuɗarsa ta wata fuska, domin bayan irin wannan rana mai gemu da doguwar riga yakan ji idon mutane a bayansa. Dalilin da ya sa na kawo shi a nan shi ne, ƙyamar da ke ɗauke wa mutum ganin cewa waɗanda ke gabansa 'yan Adam ne, idan aka bar ta ba a yi mata tarbiyya ba, hanyar da take bi ke nan, ko da mafi yawan masu ita ba za su taɓa kai ƙarshenta ba.

Game da yara kuwa, ina ganin akwai darasi a cikin abin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ba da labari a Tazyinul Waraƙati, cewa wani malamin Barno mai suna Mustafa Gwani ya tare shi da yayansa Shehu a Daura yana sukar yadda mata ke halartar wa'azin Shehu tare da maza, Shehu ya umurci ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa, amsar kuwa ta ginu a kan cewa barin mata cikin jahilci ya fi wannan cutarwa, kuma ana ɗaukar ƙaramar cuta domin a tunkuɗe babba. Waccan magana ta neman ilmi ce, tamu ta shan iska, ban daidaita darajarsu ba. Ƙa'idar ce ɗaya. Yaron da aka haifa a Abijan zai je Basam, ko da ubansa ko ba da shi ba. Idan ya je yana ɗan shekara tara hannunsa cikin na ubansa, zai koyi cewa ana iya zuwa wurin a ci kifi, a yi alwala, a yi salla a kan lokaci, a kau da kai daga abin da bai dace ba, a komo gida da mutunci. Idan aka hana shi har ya kai sha bakwai ya tafi a ɓoye da abokai, zai koyi wurin ne daga bakin waɗanda suka riga shi, kuma ba wanda zai gaya masa abin da ya fi kowane gargaɗi gaggawa, watau cewa tekun nan yana kisa. Gaɓar Basam ba ta da sauƙin gangara, raƙuman ruwanta suna karyewa da ƙarfi dab da yashi, sa'an nan su ja da baya da abin da suka samu. Wannan ne ya hana jiragen Turawa matsowa har suka gina gadar ƙarfe, shi ne kuma ke cin samarin da suka iya iyo a tafkin ƙauye suka zaci ruwa duk ɗaya ne. Mai masaukin da ya kai baƙo ko yaro bakin wannan ruwa amana ce a hannunsa, kada ya bar shi ya wuce inda ruwa ke taɓa idon sawu.

Abin takaici kuma, mai zuwa da ƙyama da mai zuwa da sha'awa sukan yi tarayya a hasara guda, domin dukansu idonsu yana kan rumfunan bakin ruwa, ba wanda ya juya ya ga garin. Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitar a wurare da dama a yi tafiya cikin ƙasa a dubi ƙarshen waɗanda suka gabata, kuma ban san wani wuri kusa da mu da wannan i'itibari ya fi samuwa kamar tsohuwar unguwar Turawa ta Basam ba, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2012. Ga fadar gwamna, inda a da ake yanke hukunci a kan ƙasa guda, yau ta zama gidan adana tufafin gargajiya. Ga manyan gidajen kamfanonin ciniki, waɗansu an gyara, waɗansu itatuwa sun tsiro daga bangonsu. Ga abin tunawa da Tiresh-Lafilen, wanda ya mutu a garin a 1890 bai cika shekara talatin ba, wanda kuma sunansa ne ke kan unguwar Tireshbil. Sa'an nan ga gadar da ke haɗa tsohon gari da sabo, wadda ake kira Gadar Nasara. Bayan rikicin siyasa na 6 ga Fabrairu 1949 a Tireshbil, Faransawa suka kama shugabannin jam'iyyar PDCI takwas, cikinsu har da marubuci Barnar Dadiye, suka tsare su a kurkukun Basam wata da watanni ba shari'a. Da fursunonin suka shiga yajin cin abinci a watan Disamba, sai mata suka taso daga Abijan, da yawansu da ƙafa domin an hana motoci ɗaukarsu, Mari Kore tana cikin na gaba, suka nufi kurkukun, jandarmomi suka tare su a kan wannan gada da duka da feshin ruwa. Yaron da aka tsayar a nan aka ba shi wannan labari ya sami abin da ba a sayarwa a rumfa.

Tsarin tafiyar kuwa ba shi da wuya ga wanda ya yi niyya. Daga San Mishel a ƙetare gada zuwa tashar Basam da ke Tireshbil, sabuwar hanya da aka buɗe a 2015 ta rage nisa ƙwarai. A tashi da sassafe, in da hali a ranar da ba Lahadi ba, a kuma guji makon bikin Abisa na Inzima a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, lokacin da gari ke cika maƙil da al'adun da ba namu ba. A fara da tsohon gari, a gangara bakin ruwa kafin kiɗa ya tashi, a ci abinci wurin matan da ba sa sayar da giya, a ƙetare zuwa unguwar Amferiyal inda masallatai suke a yi azahar cikin jam'i.

Saura magana guda, wadda ban taɓa jin an tayar da ita a majalisa ba sai da tsofaffin mata suka faɗe ta a cikin gida. Mai gida yakan kai baƙon kwana uku ya ga teku saboda kunya, alhali uwargidansa, wadda aka kawo daga Gobir ko Katsina tana yarinya, ta yi shekara talatin a ɗaki biyu a bayan kasuwar Ajame, ta dafa wa baƙin nan duka abinci, ta haifi 'ya'yanta ta aurar, ba ta taɓa ganin ruwan da ake ba ta labarinsa ba. Idan hakkin baƙo ya isa ya fitar da mutum daga gida, hakkin iyali ya fi shi ƙarfi a shari'a, kuma kyautata zama da aka umurci miji da shi bai tsaya ga hatsi da tufafi ba. Safiyar Talata, lokacin da yashin ba kowa sai masunta, mutum yana iya ɗaukar matarsa da lulluɓinta da 'ya'yanta mata ya kai su, su zauna a inuwar kwakwa, su ci kifi, su komo kafin la'asar.